Soson da Baba Ya Wanke

Mashina huɗu aka kawo ofishinmu na aikin gona a Zuru, 'yan shekaru kaɗan bayan an shiga dubu biyu, mu kuwa malaman gona mu tara ne. Ba irin waɗanda 'yan kabu-kabu ke hawa ba ne. Dogaye ne, tayoyinsu da haƙora, in ka zauna a kai da ƙyar yatsun ƙafarka ke taɓa ƙasa. Na samu ɗaya ba don na fi kowa ƙoƙari ba, sai don ƙauyukan da aka ba ni su ne waɗanda babu mai so, can bayan Dirin Daji inda hanyar mota take ƙarewa.

Ranar da aka raba makullai, ogan da ke kula da motoci da mashinan ofis ya tara mu a gindin dogon yaro ya gindaya sharaɗi. Duk ƙarshen rani zai duba mashinan ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka samu injinsa yana hayaƙi, za a karɓe makulli, a gyara mashin, a miƙa wa na gaba a layi, babu roƙo babu ban baki. Mutum biyar ɗin da ba su samu ba suna tsaye a bayanmu suna taya mu murna da baki, kowannensu kuma ya san lambarsa a layin. Ni na san abin da rasa mashin ɗin yake nufi, don na ɗanɗana. Kafin zuwansa sai ranar kasuwa nake samun motar da za ta kai ni Dirin Daji, sauran tafiyar a ƙafa, in kwana a ajin firamare, in dawo bayan kwana uku ban ga rabin manoman da ke jirana ba. Na yi wa kaina alkawari wannan makulli ba zai bar aljihuna ba.

Wanda bai san wajen ba zai ɗauka ƙasar Zuru duk dutse ce da jar ƙasa. Haka take a sama. Amma da rani, in kana son isa ƙauyukan nan kafin rana ta take, ba ta kan tudu ake bi ba, cikin rafi ake sauka. Ruwa ya ƙafe ya bar yashi fari mai laushi, wani wurin ya kai idon sawu, wani wurin iska ta tara shi tudu-tudu a gindin gaɓa, sai ka yi tafiya mai nisa a ciki ba ka taka ƙasa mai tauri ba. Da faɗuwa na koyi hawansa. Ka rage iskar taya, ka zauna can baya, ka riƙe giya ta biyu, kada ka sassauta totur, kada kuma hannunka ya je kusa da birkin gaba. Sau ɗaya na manta na kama birkin, na tashi da yashi har cikin kunne, mata masu tonon ruwa a rafin suna ce min sannu suna ƙunshe dariya. Tayar baya tana tona tana watsa yashin sama, mafi laushinsa ya tsaya a iska kamar garin dawa, daidai ƙarƙashin kujera. A nan ne kuma mashin yake shaƙar iska. A lokacin ban damu da wannan ba, ni dai in kai.

A gidan mahaifina nake zaune a Rikoto, ni da matata. Baba tsohon soja ne, kamar yawancin dattawan unguwarmu. Ya yi ritaya yana kofur, kuma kusan duk shekarunsa a soja odale ne, wato mai kula da kayan hafsa: guga, sitati, goge takalmi da maɓallai. Ya ce hafsoshi sun sha yin rigima a kan wanda zai ɗauke shi, kuma na yarda, don har ya tsufa in ya goge maka wando sai ka ji nauyin zama a kan benci. A bariki aka haife mu, shi ya sa Hausa muke yi da shi a gida, irin tasa ta bariki, gajeriya, kowace magana kamar oda. Yarenmu na C'lela sai in zai yi addu'a ko ransa ya ɓaci ƙwarai. Tun da mahaifiyarmu ta rasu, gwiwarsa kuma ta hana shi hawa dutse zuwa gona, sai ya zama ba shi da abin yi sai zama a ƙofar gida yana gyara wa masu wucewa tafiya.

Ranar da na shigo da mashin, ya zagaya shi sau biyu da sandarsa, ya shafa yatsa a bayan salansa ya duba.

"Kayan gwamnati ne?"

"Na ofis ne, Baba."

"Kayan gwamnati ba ya kwana da datti. Kai farar hula ne, ba ka sani ba. Asabar ka bar min shi."

Daga nan kowace Asabar da safe mashin nasa ne. Bokiti biyu, tsumma uku kowanne da aikinsa, da tsohon buroshin haƙori na shiga tsakanin wayoyin taya. Yana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ƙafar mai ciwo a miƙe. In ya gama sai ya kira ni in tsaya kamar a fareti, ya nuna min inda na karce da inda na bar laka ta bushe. Ina yi masa tsiya cewa mashin na daji ne, ba na ɗaukar amarya ba, shi kuma ya ce ai shi ya sa ba a ba farar hula bindiga. Amma a raina daɗi nake ji, don tun rasuwar Mama ban ga ya tashi da wuri da ɗoki irin haka ba.

Ban yi wata biyu ina shiga rafi ba mashin ya fara tari. In na murɗa totur sai ya yi kamar an shaƙe shi, ga shan fetur. Na kai shi wurin bakanikena, wani mutumin Kabi mai rumfa a bakin tasha, wanda ba ya taɓa sifana sai ya gama yi maka faɗa. Ya kwance murfin gefe, ya zaro filtar iska, irin ta takarda mai ninki-ninki wadda mashin ya zo da ita. Ya buga ta a benci, yashi ya zubo.

"Malam, noma kaka yi da shi ko tahiya?"

Na gaya masa hanyar da nake bi. Ya ce to zaɓi uku gare ni, in sami wuri in zauna in ji.

Na farko wani ɗan kabu-kabu da ke jiran gyara ya riga shi faɗa: a cire filtar gaba ɗaya a bar inji ya sha iska, ai su haka suke yi, mashin ya fi gudu ya fi ƙara. Bakanike ya ce ƙwarai kuwa ya fi gudu, kuma masu yin haka su ne suke ciyar masa da iyali. Na biyu, a sake samo ta takarda. Ya ce a kan kwalta babu kamarta, tana tare ƙura komai laushinta, kuma wanda yake zirga-zirga tsakanin Zuru da Mahuta ita ya kamata ya riƙe. Amma a yashi irin nawa sati uku ta toshe, ba a wanke ta, kuma sai an aika Kontagora ake samu. In ka kai wa mai faci ya hura ta da iskar taya za ta yi kyau a ido, alhali ya huda mata ƙananan ƙofofi da ba ka gani. Na uku shi ne soso. Ya ciro shi daga leda: soso mai hawa biyu, na waje da manyan ƙofofi, na ciki mai laushi, an yanka shi daidai bakin akwatin.

Na ce wannan ai soson kujera ne, ni ba ni da matsala da wurin zama. Ya ɗebi yashin da ya zubo a benci ya zuba a kan soson, ya ce in shimfiɗa tafin hannuna a ƙasa, ya bubbuga. Ƙura mai laushi ta sauko min a hannu. Sai ya kakkaɓe shi, ya zuba masa baƙin mai sabo daga galan, ya dinga dannawa har ya ratsa ko'ina, ya matse ragowar, ya sake zuba yashi ya bubbuga. Ko ƙwaya ba ta sauko ba, duk ta manne a waje.

"Ka gani? Ba soson ka kama rairai ba, man ga shi ka kama shi. Busasshen soso rariya ce kawai. Duk sati ka wanke shi da sabulu, ya bushe cikin inuwa, ka jiƙa shi da baƙin mai, ka matse, kak ka murɗa shi awa wanki. In kay yi haka, injin ga sai ka gaji da shi. Ka jiya?"

Na ce na ji. Soson na zaɓa, kuma har yau in wani mai shiga yashi ya tambaye ni shi zan ce ya zaɓa. Abu ne da ba sai ka jira motar Kontagora ba, sabulu da baƙin mai kuwa akwai su ko a Dirin Daji. Aibinsa ɗaya ne, yana son mutum ya kula da shi duk sati, ni kuma a lokacin na ɗauka wannan ba matsalata ba ce, tunda ina da kofur a gida.

Asabar ta zo, ina da bikin abokin aiki a Mahuta, motar da za mu shiga tana ƙofar gida direba yana ta danna hon. Baba ya riga ya jera bokitansa. Ina ɗaura takalmi na tuna da soson. Na ɗauko sukudireba na kwance murfin na nuna masa.

"Baba, akwai sabon abu a nan. Bakanike ya ce duk sati a wanke shi da sabulu, ya bushe, a sa masa mai, a mayar."

"A wanke. Ya bushe. A sa mai. A mayar," ya maimaita yana lanƙwasa yatsu, yadda yake karɓar kowane saƙo.

"Shi ke nan."

Da na dawo da yamma mashin yana ƙyalli, murfi a ɗaure. Baba ya ce min bakanikena ƙazami ne, abin da ya tarar a jikin soson nan da a bariki ne sai an kulle mutum a gadirum, ruwa uku ya canza kafin maiƙon ya fita. Na yi dariya na wuce ɗaki. Wannan dariyar nake jin haushinta har yau. Mutum ya gaya min a fili yadda ya ɗauki abin, ni kuwa hankalina yana kan cire takalmin da ya matse ni.

Mashin kuwa ya saki jiki. Tari ya tafi, ƙarfi ya dawo har ya fi da. Yanzu na san dalili, iska ce ke shiga babu mai tare ta, amma a lokacin yabon kaina nake yi cewa na iya zaɓe, har ina ba sauran abokan aiki shawara a gindin dogon yaro. Tun daga tsakiyar rani har bazara ta kama ina cikin rafukan nan kwana huɗu a sati, ina duba lambunan albasa a fadama, ina rubuta sunayen masu son sabon irin masara. A yini ɗaya nakan taɓa ƙauye uku in dawo in ci tuwon gida. Wani dattijo ya ce min tun da yake bai taɓa ganin malamin gona sau biyu a wata ɗaya ba sai ni, na yi kwana biyu ina jin daɗin maganar. Ban ƙara kwance murfin nan da hannuna ba ko sau ɗaya. Me zai sa? Abin da Baba ya kama ba a bin bayansa.

Alama ta farko, baƙin mai ya fara raguwa a inji, ina ƙarawa. Sai matata ta ce in na tayar da shi da safe hayaƙi yana bin shanyarta. Na ce sanyin safiya ne. Sanyi, a bazara! Saura sati biyu a duba mashina, wata Laraba da tsakar rana, na shiga wani tudun yashi da na saba haurawa ba tare da ko tunani ba, mashin ya yi gurnani ya tsaya a tsakiya. Na waiwaya na ga hayaƙi shuɗi ya cika rafin. Na sauka na tura shi, yashi yana ƙona ni ta cikin takalmi, ina zagin yashi, ina zagin bakanike, ina zagin wanda ya ƙera mashin. Manoman da na yi wa alkawari sun jira ni har la'asar suka watse. A hankali na lallaɓo da shi gida, ina ta waiwayen hayaƙin.

Washegari na isa rumfar bakanike a cike, na ce soson da ya liƙa min ya kashe min inji. Ya ƙyale ni na gama. Ya kwance murfi, ya zaro soson ya ɗaga shi sama. Tas yake, har hasken rana yana ratsa shi, gefensa ya fara marmashewa. Ya sansana. Sai ya tura yatsa cikin bututun da ke kai iska kafireta, ya zaro ya nuna min. Gari fari ya lulluɓe yatsan.

"Wa ka wanke ma wanga soso?"

"Babana."

"Mi shika zuba mishi?"

"Mai, yadda ka ce."

"Warin hetur shikai. Hetur minti nawa shika yi bai tashi ba? Wata uku injin ga na cin rairai, Malam, kai ko kana bisa kana jin daɗi."

Ya ce inji bai buga ba tukuna, amma ringin fistin sun cinye, silinda ta karce, kayan irin wannan mashin kuwa sai an aiko daga nesa, sati uku in an yi sa'a. Na tambaye shi ko akwai abin da za a zuba hayaƙin ya ɓuya na yini ɗaya. Ya ce akwai, amma ogan namu tsohon bakanike ne, da kunne ma zai gane, sai in haɗa da kunyar ƙarya.

Ni mutum ne mai saurin fushi, kowa ya sani a gidanmu, a wurin Baba kuma na gado shi. Na tarar da shi a ƙofar gida tare da maƙwabta biyu, tsofaffin sojoji irinsa. Ko gaisuwa ban yi ba. Na jefa soson a gabansa. Tun tasowata ban taɓa ce masa "kai" ba, "ku" nake cewa. Ranar na ce.

"Ka kashe min inji! Tsabtar nan taka ta banza ta kashe min inji. Wa ya ce ka zuba fetur? Mashin ne, ba takalmin hafsa ba!"

Maƙwabtan suka sunkuyar da kai. Matata ta fito da ludayi a hannu ta tsaya. Baba ya ɗauki soson, ya kakkaɓe ƙasar da ya kwasa, ya ɗora shi a gwiwa.

"Me ka ce in sa?"

"Mai!"

"In ka je gidan mai, me kake saye?"

Bai jira ni ba ya ƙara wata tambayar.

"In mashin ya tsaya a hanya ka ce mai ya ƙare, me ya ƙare?"

"Baƙin mai nake nufi," na ce, muryata ta riga ta sauka.

"Ba ka ce baƙi ba. A soja da fetur muke cire tabo a kaki. Na ɗauka shi ne."

Ashe kowace Asabar, bayan soson ya bushe, sai ya zare tiyo a ƙasan tanki ya tsiyayo fetur a murfin kwalba ya yayyafa masa, ya jira ya sha iska, ya mayar. Bai taɓa tsallake sati ba. Ya tashi da sandarsa, ya faɗi wata gajeriyar magana da C'lela wadda ma'anarta ita ce "na ji", ya shige ɗaki. Tun a wurin na san gaskiyarsa ce. Amma girman kai ya hana ni bin shi, na tsaya ina gaya wa maƙwabta cewa ai kowa ya san soso da baƙin mai ake jiƙa shi. Ɗaya daga cikinsu ya ce shi dai bai sani ba sai yau.

Asabar biyu suka wuce bokitan suna kife. Ina gaishe shi yana amsawa, iyakarta ke nan. Matata ta ce min, "Ka je ka ba su haƙuri, ko tuwo ba sa ci sosai." Na ce na ji, gobe. In gari ya waye sai in ga bari dai a wuce ranar duba tukuna, kamar ita ce za ta raba mana gardama. Bakanike ya sa min sabon soso, na jiƙa shi da hannuna, amma abin da ya karce ya riga ya karce.

Ranar Litinin aka jera mashina huɗu a harabar ofis. Nawa ne na uku. Ni na wanke shi da kaina, bai yi ko rabin kyan da ya saba ba. Oga ya taka kik, ya murɗa totur sau biyu, hayaƙi ya turnuƙe har na kusa da shi suka ja baya. Ya kashe, ya zare makulli ya sa a aljihu. Na gaba a layi ya yi ta kallon takalminsa don kada a ga fuskarsa. Aka miƙo min takarda in rubuta abin da ya jawo. Na rubuta "yashi", na tsaya da biro a hannu.

A nan ne na ji an yi tsit a bayana. Baba ne yake shigowa ta ƙofar ofis da sandarsa. Daga Rikoto a ƙafa, da wannan gwiwar. Ya sa farar riga da wandon kaki da ya sha sitati, gumi ya jiƙa bayan rigar. Bai dube ni ba. Ya tsaya a gaban oga, ya haɗa ƙafa iyakar yadda gwiwar ta yarda, ya ƙame.

"Ranka ya daɗe, na kawo rahoton kaina. Ni ne mai kula da mashin nan. An ba ni oda in sa mai, na sa fetur. Soja in bai gane oda ba, tambaya yake yi. Ban tambaya ba. Laifin nawa ne, ba nasa ba. A bar masa mashin."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na ce, "Oga, ba haka ba ne. Ni na ce musu mai, ban ce baƙin mai ba. Wata uku ban buɗe murfin na duba ba. Abin da na ce shi suka yi daidai."

Oga ya sa aka kawo wa Baba kujera da ruwa. Sai da aka ce masa sau uku kafin ya zauna. Oga ya saurari labarin tun daga farko, ya ce shi ma da bai san aikin ba, aka ce masa a sa mai, tanki zai nufa. Har na fara sa rai. Sai ya rage murya ya ce, "Baba, ku kun fi ni sanin doka. In na ɗaga wa ɗanku yau, gobe ba ni da bakin karɓar na wani."

Baba ya gyaɗa kai. "Daidai ne," ya ce. Ya miƙe ya sara masa.

Aka tura mashin cikin sito. Na soke abin da na rubuta, na rubuta yadda aka yi, na sa hannu.

Na tare wa Baba kabu-kabu ya ƙi hawa, ya ce yadda ya zo haka zai koma. Muka kama hanyar Rikoto a ƙafa, rana tana dukanmu, ina rage tafiyata daidai tasa. Mun yi nisa kafin na iya buɗe baki. Na ce su yafe min, abin da na faɗa a gaban mutane bai kamata ɗa ya faɗa wa uba ba. Ya ci gaba da tafiyarsa, sai ƙarar sandarsa a ƙasa. Raina ya yi baƙi ƙirin. Na ce a zuciyata shi ke nan, na rasa mashin, shi ma ya rufe min ƙofa.

Da muka kai wata kwalbati a gindin mangwaro ya zauna, ya miƙe ƙafar yana murza gwiwa.

"Wa za a ba mashin ɗin?"

Na gaya masa.

"Yana shiga yashi?"

"Ƙauyukansa ma akwai rafi."

"Ya san soson?"

"Ban sani ba, Baba."

"Koma ka gaya masa. Ka ce baƙin mai. Ka faɗi baƙin da ƙarfi ya ji, ka sa shi ya maimaita."

"Gobe zan gan shi a ofis."

"Yanzu. Ina nan ina jiranka."

A ranar babu wanda nake ƙin gani kamar mutumin da zai gaje min makulli. Amma na juya na kama hanyar ofis har da ɗan gudu, don na ji da kunnena Baba ya ce yana jirana.